Ruwan ɗumi na cin gindin ƙanƙarar ƙarshen duniya

A cikin watan Janairu na shekarar 2020, waɗansu masu bincike ƴan ƙasashen Ingila da Amurka sun kafa tantunansu bisa wani makeken kogin ƙanƙara da ake kira Thwaites, a yammacin nahiyar Antaktika, can ƙarshen duniya ta kudu, wurin da babu gari, babu itace, babu hanyar mota, kuma babbar tashar bincike mafi kusa tana nesa da shi da fiye da kilometir 1500. Suka narkar da dusar ƙanƙara, suka ɗumama ruwan har ya kusa tafasa, sa'annan suka huda ƙanƙarar da shi, rami mai zurfin kusan metir 600 wanda faɗinsa bai kai rabin metir ba, har suka cim ma ruwan tekun da ke ƙarƙashi. Ta wannan rami ne suka zura na'urorin awo, tare da wani ɗan siririn jirgi maras matuƙi mai suna Icefin. Abin da awon ya nuna shi ne, ruwan da ke taɓa gindin ƙanƙarar ya ɗara matakin da ruwan teku ke daskarewa da kusan digiri 2.

Mutumin Maraɗi ko na Tawa, wanda ya saba da zafin bazara mai wuce digiri 40, zai ga digiri 2 bai kai a tsaya magana a kansa ba, tun da wannan ruwa ya fi na firigo sanyi. Amma ga ƙanƙara, duk ruwan da bai daskare ba abokin gaba ne, balle wanda ke gudana a ƙarƙashinta dare da rana, shekara da shekaru. Masana da dama sun yi ittifaƙi cewa a irin waɗannan wurare ne, cikin duhu, ƙarƙashin ɗaruruwan metir na ƙanƙara, ake yanke hukuncin inda bakin teku zai tsaya nan da shekara 100 ko 200. Nijar ba ta da teku, amma shinkafarta da sukarinta da motocinta na sauka ne a tashoshin jiragen ruwa waɗanda ƴan metir kaɗan suka raba su da ruwan.

Ƙanƙara iri biyu

Da farko ya kamata a bambanta ƙanƙara iri biyu, domin sau da yawa labaran rediyo kan haɗa su wuri guda. Ta farko ita ce wadda ke samuwa idan fuskar teku ta daskare lokacin sanyi. Kaurinta bai cika wuce metir 1 zuwa 3 ba, kuma yawo take yi bisa ruwa. Narkewarta ba ta ƙara ma teku tsawo na a zo a gani, kamar yadda gutsuren galas ke narkewa cikin kofi cike da ruwa ba tare da ruwan ya zube ba, saboda tun yana ƙanƙara ya riga ya ɗauki wurinsa. Ta biyu kuwa ita ce wadda ke zaune bisa ƙasa, wato dusar da ta yi dubban ɗaruruwan shekaru tana zuba, sabuwa na danne tsohuwa, har ta yi tauri kamar dutse. Wannan ruwa ne da ke ajiye a tudu, kuma duk abin da ya gangaro daga cikinsa zuwa teku ƙari ne.

Manyan rumbunan wannan ajiya guda biyu ne. Na farko shi ne Antaktika, mai faɗin murabba'in kilometir miliyan 14, wato ta ninka ƙasar Nijar sau 11. Kaurin ƙanƙararta, in an daidaita tudu da kwari, ya kai kimanin kilometir 2, a waɗansu wurare ma ya wuce kilometir 4,5, kuma da za ta narke duka, da tekunan duniya sun ɗaga da kusan metir 58. Na biyu shi ne tsibirin Girinlan, can arewa, wanda ke ƙarƙashin masarautar Danmark. Ƙanƙararsa ta rufe murabba'in kilometir miliyan 1,7, fiye da faɗin Nijar baki ɗaya, kuma tana riƙe da ruwan da zai ɗaga teku da metir 7 da ɗoriya. Babu masanin da ke cewa waɗannan rumbuna za su narke ƙurmus a zamanin ƴaƴa ko jikoki. Sai dai lissafin mai sauƙi ne: kashi 1 cikin 100 kaɗai na ƙanƙarar Antaktika ya isa ya ƙara ma teku fiye da rabin metir.

Wannan ƙanƙara ba a tsaye take wuri guda ba. Nauyinta na sa ta malala sannu a hankali daga tsakiya zuwa bakin ruwa, kamar kunu mai kauri da aka zuba cikin faranti, ta waɗansu hanyoyi da ake kira kogunan ƙanƙara. Muddin dusar da ke zuba a sama ta yi daidai da abin da kogunan ke kai ma teku, to lissafi ya tashi babu riba babu faɗuwa. Abin da ya sake tun wajejen 1990 shi ne, fita ta fi shiga.

Inda zafin duniya ke taruwa

Tun lokacin da ƙasashe masu masana'antu suka duƙufa ga ƙona kwal da man fetur da gaz, iskar karbon da ke sararin samaniya ta tashi daga kashi 280 cikin miliyan zuwa fiye da 420. Wannan iska na hana wani sashe na zafin da ƙasa ke samu daga rana komawa sama. Hukumar yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa shekarar 2024 ta fi ƙarshen ƙarni na 19 zafi da kimanin digiri 1,55. Amma zafin iskar da mutane ke ji a jikinsu ɗan ƙaramin sashe ne na abin da ya taru. Kwamitin masana yanayi na duniya, wanda aka fi sani da GIEC, ya nuna cikin rahotonsa na 2021 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na wannan rarar zafi teku ne ya shanye ta.

Teku kuwa in ya ɗumama yakan kumbura, kamar kowane ruwa. A lissafin GIEC, wannan kumburi shi ya kawo rabin ƙarin tsawon da teku ya yi tsakanin 1971 da 2018, sauran kuwa mafi yawansa daga narkewar ƙanƙarar duwatsu da ta manyan rumbunan nan biyu ya fito. Daga 1901 zuwa 2018 teku ya ɗaga da santimetir 20. Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda saurin ke ƙaruwa: milimetir 1,3 a shekara tsakanin 1901 da 1971, sai milimetir 1,9 tsakanin 1971 da 2006, sa'annan milimetir 3,7 tsakanin 2006 da 2018. Tun 1992, lokacin da Faransa da Amurka suka harba tauraron ɗan Adam mai suna TOPEX-Poseidon, ana auna tsawon teku daga sama ba fashi, kuma shi da magadansa sun nuna ƙarin kimanin santimetir 10 daga 1993 zuwa 2024.

Kumburin ruwa abu ne da masana suka iya lissafawa da kyau. Abin da ya fi ba su wahala, kuma ya fi girman haɗari, shi ne aiki na biyu da ruwan ɗumi ke yi, wato cin ƙanƙarar tudu ta ƙarƙashi.

Yadda teku ke shiga ƙarƙashi

A Antaktika iska ba ta cika narkar da ƙanƙara ba, domin sanyin wurin ya wuce misali. A tashar Vostok ta Rasha ne aka auna digiri 89,2 ƙasa da sifiri a cikin 1983, kuma ko lokacin da ake kira bazara a can, mafi yawan nahiyar na ƙasa da sifiri. Ɓarnar daga ruwa take zuwa. Kewaye da nahiyar, daga zurfin kimanin metir 300 zuwa ƙasa, akwai wani ruwa mai gishiri da yawa, wanda ɗuminsa ya kai wajen digiri 1 sama da sifiri. Gishirin ya sa ya fi ruwan sama nauyi, don haka yake kwance ƙarƙashin ruwa mai sanyi. Tun da ruwan teku sai ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifiri yake daskarewa, wannan ruwa na ƙasa yana da rarar ɗumi ta wajen digiri 3. A yankin tekun Amundsen, inda Thwaites da maƙwabcinsa Pine Island ke zuba, yakan biyo waɗansu kwaruruka masu zurfi da ke ƙasan teku har ya iso gindin ƙanƙara. Yanayin iskar da ke kaɗawa bisa teku ne ke ƙara ko rage yawan shigarsa, kuma masana na danganta sakewar wannan iska da sauye-sauyen tekun Pasifik da kuma ɗumamar da ɗan Adam ya haddasa.

Idan kogin ƙanƙara ya iso teku, ba nan take yake karyewa ba. Yakan ci gaba da miƙewa bisa ruwa, yana iyo amma yana haɗe da na tudu, da kaurin ɗaruruwan metir. Wannan sashe mai iyo shi ne rumfar ƙanƙara, kuma mafi girma a cikinsu, rumfar Ross, ta kusa faɗin ƙasar Faransa. Rumfar na gogar duwatsun da ke gefenta, tana kuma maƙale ga tuddan ƙasan teku, don haka take zama tokara wadda ke rage ma kogin da ke bayanta gudu. Duk mai gidan laka ya san cewa ruwan da ya kwanta a gindin katanga ya fi wanda ke dukan kanta ɓarna, domin katangar na nan tsaye kamar lafiya lau har ranar da za ta zube gaba ɗaya. Haka ruwan ɗumi ke yi ma rumfa. Yana rage mata kauri ta ƙasa har ta saki tuddan da take riƙe da su, tokara ta yi rauni, kogi ya ƙara gudu.

An ga abin da ke biyo bayan faɗuwar tokara a cikin 2002. Tsakanin ƙarshen Janairu da farkon Maris na shekarar, rumfar Larsen B, a wani zirin Antaktika da ya miƙe wajen Amurka ta Kudu, ta wargaje, murabba'in kilometir 3250 cikin mako biyar. A can ɗumin iska ne ya fi yin aikin, amma darasin ɗaya ne: kogunan da rumfar ke tokare da su sun ƙara gudu nan da nan, waɗansu har ninki takwas.

Akwai wani abu kuma da ya sa yammacin Antaktika ya fi ko'ina rauni. Dutsen da ƙanƙararsa ke zaune a kai yana ƙasa da matakin teku, a waɗansu wurare da fiye da kilometir 2, kuma yana ƙara zurfi ne in an nufi cikin nahiyar, kamar ƙwarya. Wurin da ƙanƙara ke rabuwa da dutse ta fara iyo, wanda ake kira layin rabuwa, yana wajen bakin ƙwaryar. Idan ruwan ɗumi ya tura wannan layi baya, sai ya faɗa wuri mafi zurfi, inda ƙanƙara ta fi kauri. Ƙanƙara mai kauri ta fi saurin fita, fitarta na ƙara ja da layin baya, haka abin zai yi ta ciyar da kansa ko da ɗumin bai ƙaru ba. Wani masani Ba'amurke, Johannes Weertman, ya yi bayanin wannan tun 1974. A 1978 kuma John Mercer, na jami'ar jahar Ohayo, ya rubuta cikin mujallar Nature cewa ƙona man fetur da kwal na iya jawo rushewar ƙanƙarar yammacin Antaktika. A lokacin mutane da yawa sun ɗauki maganarsa tamkar ta mai neman tada hankali.

Thwaites, ƙofar rumbu

Faɗin yankin da Thwaites ke kwashe ma ƙanƙara ya kai murabba'in kilometir dubu 192, kusan girman ƙasar Senegal, kuma bakinsa da ke fuskantar teku ya kai kilometir 120, kusan rabin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Yana asarar kimanin ton miliyar 50 a shekara fiye da abin da dusa ke maido masa, wato shi kaɗai ke kawo kusan kashi 4 cikin 100 na ƙarin tsawon teku. Da zai ƙare baki ɗaya, teku zai ɗaga da santimetir 65. Sai dai ba nan abin ya tsaya ba, domin yana zaune ne a ƙofar ƙwaryar nan, kuma abin da ke bayansa da kewayensa ya kai ruwan metir 3 da ɗoriya.

A watan Mayu na 2014 sakamakon bincike biyu ya fito kusan rana ɗaya. Eric Rignot, Bafaranshe mai aiki a Kaliforniya, ya nuna da hotunan rada na taurarin ɗan Adam cewa tsakanin 1992 da 2011 layin rabuwar Thwaites ya ja baya da kilometir 14, na Pine Island kuwa da kilometir 31. Ian Joughin, na jami'ar Washington, ya lissafa da kwamfuta cewa mai yiwuwa rushewar Thwaites ta riga ta fara, ko da yake matakinta mai sauri zai iya ɗaukar shekara 200 zuwa 900 kafin ya zo. Wannan ne ya sa Ingila da Amurka suka haɗa kuɗi da ma'aikata a 2018 domin binciken wannan kogi guda, kuma cikin wannan aiki ne aka huda ramin nan na 2020.

Sakamakon da aka buga a Fabrairun 2023 ya zo da abin da ba a zata ba. A wuraren da gindin rumfar yake shimfiɗe, narkewar ba ta wuce metir 2 zuwa 5 a shekara ba, ƙasa da yadda lissafi ya nuna, domin ruwan da ya narke, mai sanyi kuma maras gishiri, yakan kwanta a jikin ƙanƙarar ya kare ta. Amma a cikin tsagogi da wuraren da gindin ya karkace, Icefin ya ga narkewa mai sauri ƙwarai, wato ruwan na bin inda rauni yake yana ƙara buɗe shi. A 2024 kuma ayarin Rignot ya nuna cewa duk lokacin da teku ya ciko, ruwan gishiri na kutsawa kilometir da dama ƙarƙashin ƙanƙarar da ake ɗauka tana zaune daram bisa dutse, sa'annan ya fito in teku ya janye.

Shaidar da ta zo daga Girinlan

A Girinlan, inda iska ta fi ta Antaktika ɗumi, kusan rabin asarar daga narkewar sama take zuwa. A Yulin 2012 kusan kashi 97 cikin 100 na fuskar ƙanƙarar tsibirin ya jiƙe da narkewa cikin ƴan kwanaki, a Agustan 2021 kuma aka ga ruwan sama ya sauka a ƙololuwarta, sama da metir 3200, abin da ba a taɓa rubutawa ba tun da aka fara awo a wurin. Sauran rabin kuwa na fita ne ta kogunan da ke zuba cikin teku, kuma ɗaya daga cikinsu ya ba da shaida mafi bayyana game da ƙarfin ruwan ɗumi.

Kogin Jakobshavn, kusa da garin Ilulissat a yammacin tsibirin, ya daɗe yana da rumfa a bakinsa. A 1997 wani ruwa mai ɗumi daga tekun Atlantika ya shigo mashigin da yake zuba. Cikin ƴan shekaru rumfar ta wargaje, kogin ya ninka gudunsa, har a bazarar 2012 ya kai metir 46 a rana, wato kusan kilometir 17 a shekara. Daga 2016 sai ruwan mashigin ya yi sanyi na ƴan shekaru, nan take kogin ya rage gudu, ya ƙara kauri, kamar yadda jiragen saman hukumar NASA suka auna har 2019. Ɗumin ruwa ya ƙaru, kogi ya ruga. Ɗumin ya ragu, kogi ya lafa. Ba a cika samun hujja mai tsabta haka cikin al'amuran yanayi ba.

Lissafin asara da abin da ke gaba

Tun 2002 waɗansu tagwayen taurarin ɗan Adam na Amurka da Jamus, masu suna GRACE, da magadansu da aka harba a 2018, na auna nauyin ƙanƙarar daga sama. Tsakanin 2002 da 2023 Girinlan ya yi asarar kimanin ton miliyar 270 a shekara, Antaktika kuwa kimanin ton miliyar 150. Kowane ton miliyar 360 na ƙara ma tekunan duniya milimetir 1. Wani babban lissafi da aka buga a 2023 ya tara asarar rumbunan biyu daga 1992 zuwa 2020, ta kai ton miliyar 7560, wato milimetir 21, kuma asarar shekarun ƙarshe ta ninka ta shekarun farko fiye da sau uku. Shekaru ba su zama ɗaya ba: tsakanin 2021 da 2023 dusa mai yawa ta zuba a gabashin Antaktika har ta rufe giɓin nahiyar na ɗan lokaci, amma yammacinta bai daina zubar da ƙanƙara ba.

Game da shekarar 2100, GIEC ya ba da adadi gwargwadon hanyar da duniya ta bi, in an kwatanta da tsawon teku na 1995 zuwa 2014. In an rage hayaƙi ƙwarai da gaske, ƙarin zai kasance santimetir 28 zuwa 55. In an bi tsaka-tsaki, santimetir 44 zuwa 76. In kuwa hayaƙin ya yi ta ƙaruwa, santimetir 63 zuwa 101. Kwamitin ya ƙara da cewa ba za a iya kawar da yiwuwar kusan metir 2 ba a hanyar ƙarshe, saboda rashin tabbas game da halin ƙanƙarar Antaktika.

A kan wannan gaɓa ce masana suka fi saɓani. A 2016 Robert DeConto da David Pollard sun kawo ra'ayin cewa in rumfa ta tafi ta bar gangare mai tsawo ƙwarai, ƙanƙarar za ta riƙa karyewa da nauyin kanta, sashe bayan sashe, har Antaktika ita kaɗai ta ƙara ma teku fiye da metir 1 kafin 2100. A 2024 wani ayari ƙarƙashin Mathieu Morlighem ya sake lissafin da na'urori mafi inganci, ya ce da wuya wannan ya faru ga Thwaites cikin wannan ƙarni. Wannan labari ne mai sanyaya rai, sai dai saɓanin a kan sauri yake, ba a kan alƙibla ba. A Oktoban 2023 Kaitlin Naughten, ta hukumar binciken Antaktika ta Ingila, ta nuna cewa ko da an cika alkawarin yarjejeniyar Paris ta 2015 na tsayar da ɗumama a digiri 1,5, ruwan tekun Amundsen zai ci gaba da ɗumama cikin wannan ƙarni da saurin da ya ninka na ƙarnin da ya wuce kusan sau uku. Tarihin ƙasa ma ya ba da nasa gargaɗi: kimanin shekara dubu 125 da suka wuce, lokacin da zafin duniya bai fi na yanzu da yawa ba, teku ya fi na yau tsawo da metir 5 zuwa 10.

Bakin tekun Afirka ta Yamma

Ruwan da ya narke ba ya tsayawa inda ya narke. Hasali ma, tun da tulin ƙanƙara na jawo ruwan teku wajensa saboda nauyinsa, in ya ragu sai ruwan ya janye daga kusa da shi ya taru nesa, don haka ƙasashe masu zafi kan samu fiye da rabonsu. Rahoton GIEC na 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 680 ke zaune a ƙasashen kwari na bakin teku. Na 2021 kuma ya ce irin ambaliyar teku da a da akan gani sau ɗaya cikin shekara 100, kafin 2100 za ta riƙa zuwa aƙalla kowace shekara a fiye da rabin tashoshin da ake auna tsawon ruwa.

Gaɓar da ta taso daga Abijan ta bi Lome da Kwatano har Legas yashi ce, kuma kwari ce. Birnin Kwatano na zaune ne tsakanin teku da tafkin Nokuwe, ƴan metir kaɗan bisa ruwa. Wani binciken Bankin Duniya na 2019 ya nuna cewa a ƙasashen Benin, Togo, Kodibuwa da Senegal, kashi 56 cikin 100 na gaɓa na zaizayewa da kimanin metir 1,8 a shekara, kuma zaizaya da ambaliya da ƙazanta sun ci ma ƙasashen huɗu dala miliyar 3,8 a 2017, wato kashi 5,3 cikin 100 na abin da suke samarwa. Gaskiya ne mafi yawan wannan zaizaya ba daga Antaktika ta zo ba. Madatsar ruwan Akosombo a Gana, wadda aka gama a 1965, ta tare yashin da kogin Volta ke kawowa, katangun tashoshin Kwatano da Lome kuma sun tare wanda igiyar ruwa ke turawa daga yamma zuwa gabas, shi ya sa gabashin tashoshin biyu ke cinyewa, har an sha mayar da hanyar Lome zuwa Aneho baya. Ɗagawar teku na zuwa ne bisa gaɓar da ta riga ta yi rauni, tana ƙara ma igiya nisa, tana kuma tura gishiri cikin rijiyoyi.

Ko da ƙanƙarar duniya duka za ta narke, teku ba zai iso Gaya ba, balle Yamai ko Maraɗi, domin wuri mafi kwari a Nijar ya fi teku tsawo da fiye da metir 150. Amma kayan ƴan kasuwar Nijar ta Kwatano da Lome da Tema da Abijan suke shigowa, kuma bayan rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023 kowa ya ga yadda matsalar hanyar teku ke bayyana cikin farashin buhun shinkafa. Bututun man Agadem, mai tsawon kusan kilometir 2000, wanda aka fara lodin mansa cikin jirgi a 2024, a bakin tekun Seme yake ƙarewa. Zangunan biranen gaɓa cike suke da ƴan Nijar, masu shago da masu cin rani, waɗanda iyalansu a Tawa da Damagaram ke jiran saƙonsu. Duk kuɗin da za a kashe wajen ɗaga mashigin jirgi, ko jibge duwatsu a gaɓa, ko sake ma hanya wuri, a ƙarshe cikin kuɗin sauke kaya da na dako zai fito.

Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Teku ba ya sakin zafin da ya shanye sai bayan ɗaruruwan shekaru, don haka zai ci gaba da ɗagawa ko da an daina hayaƙi gobe. Abin da ya rage hannun mutane shi ne yawan ƙarin da saurinsa. GIEC ya lissafa cewa cikin shekara 2000 masu zuwa, ɗumamar digiri 1,5 za ta kawo metir 2 zuwa 3, ta digiri 5 kuwa metir 19 zuwa 22. Nahiyar Afirka ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na iskar karbon ta duniya, shi ya sa wakilanta suka matsa har aka amince da kafa asusun biyan diyyar ɓarnar yanayi a taron Sharm el-Sheikh na ƙasar Masar a 2022. Rage hayaƙin yana wuyan manyan ƙasashe. Amma tashar jirgi da gada da bututun mai akan gina su ne domin shekara 50 ko 100, kuma injiniya ko ma'aikacin gwamnatin da zai sa hannu kan irin wannan aiki a bakin tekun Gine tilas ne ya yi lissafi da tsawon ruwan 2100, ba da na ranar da aka aza tubalin farko ba.